Awaisu, Wutar da Ba Kai Ka Kunna Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, da hantsi, ina zaune a ƙofar gidana a Funtua, 'yarka Naja'atu ta kira ni daga asibiti a Malumfashi. Abin da ta iya faɗi ke nan: "Baba Murtala, ya cika." Kafin la'asar mun kai ka makwancinka a Dayi, garin da aka binne cibiyata da taka. Shekararka arba'in da tara. Ciwon ƙoda ne sanadi, bayan jinyar wata huɗu.

Ni ɗan baffanka ne, Awaisu. Gida ɗaya muka tashi, akushi ɗaya muka ci tuwo, don haka ba wanda zai ce na yi shisshigi. An cika a jana'izarka. Na ga manyan riguna, na ga motoci har bakin kasuwa, kowa na cewa mutumin kirki ne, mai amana ne. Na tsaya ina kallon bakunan da ke faɗin haka. Shekara ashirin da uku kana yawo da takardu, kana neman mutum ɗaya da zai rubuta kalmar nan, amana, ya sa hannu a ƙasa. Ba ka samu ba. Sai da muka tura maka ƙasa kowa ya tuna da ita.

Yaran yanzu sun san ka da suna guda: wanda aka taɓa ɗaurewa kan ƙona auduga. Yau zan faɗa musu yadda aka yi.

Kakar 1998 ce. Ka dawo daga makarantar koyon aikin gona da takardarka, kana ɗan shekara ashirin da uku, kana jiran aiki. Yayanka Sabo ya tara karan auduga a gonar gandu zai ƙona, kamar yadda ake yi bayan an gama tsinka. Iska na kaɗawa sosai ranar. Ka ce masa, "Yaya, a bari ta kwanta." Ya ce ɗan makaranta ba zai koya masa noma ba. Ya ƙyasta ashana, ya hau kekensa ya tafi kasuwa. Wuta ta tsallake iyaka, ta cinye rumbu biyu da tarin audugar maƙwabcinmu Malam Talha, wanda dama akwai tsohuwar rigimar iyaka tsakaninsa da gidanmu. Saboda wannan rigimar ba wanda ya yarda tsautsayi ne. Kai ka fara isa wurin da ɗanyen reshe kana bugun wutar, kai kuma jama'a suka tarar a tsaye.

Bayan azahar dattawan gida suka zauna a zaure, ina rakuɓe a bakin ƙofa. Suka ce Sabo na da mata da 'ya'ya huɗu, shi ke riƙe da gandu. Kai ba ka da nauyin kowa. Tun zamanin aikin dole, in aka ce kowane gida ya ba da mutum, wanda bai yi aure ba ake turawa, ya je ya sha wahalarsa ya dawo, magana ta mutu. Da wannan lissafin suka auna kurkuku. "Wata uku ne, Awaisu," in ji babban cikinsu, "ka dawo ka ci gaba da neman aikinka." Allah Ya gafarta musu. Ba wanda ya taɓa cika fom a cikinsu, ba su san hukuma na da takarda ba, kuma takarda ba ta tsufa ta mutu kamar mai unguwa. Sabo yana zaune, kansa a ƙasa.

Ni na goya ka a babur zuwa ofishin 'yan sanda. A hanya ka sa na rantse ba zan buɗe baki ba muddin kana numfashi, don kada mahaifiyarku, Inna Tsohuwa, ta ga 'ya'yanta biyu a gaban alƙali. Aka dangwala yatsunka goma a tawada. Alƙali ya ba ka shekara uku.

Ka fito a 2001. Bayan shekara biyu wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, inda nake akawun ofishin ma'aikata, ya nemi malamin duba auduga. Ku arba'in kuka zo. Aka baje auduga kashi-kashi a kan tebur. Sauran na juya ta suna zare ido, kai kuwa ka ɗebi kaɗan, ka ja zarenta tsakanin yatsu biyu, ka shinshina, ka ce wannan lamba ɗaya ce, wannan ta sha raɓa, wannan tsutsa ta taɓa ta tun tana ƙwallo. Ba ka kuskure ko ɗaya ba. Sai aka miƙo fom. Tambaya ta tara: shin kotu ta taɓa ɗaure ka? Na sunkuyo na raɗa maka ka rubuta a'a. Ka dube ni ka ce, "Murtala, sau ɗaya na yi ƙarya, a gaban alƙali, ka ga inda ta kai ni. Ba zan ƙara ba." Ka rubuta eh.

Ko da ka rubuta a'a ma, takardar shaidar hali daga 'yan sanda na nan tafe. Manaja ya karanta ta yana sakace, ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Wanda ya ƙona auduga zan damƙa wa makullin siton auduga?" Bai tambayi yaushe ba, bai tambayi ta yaya ba, bai ce a kira ka ya ga fuskarka ba. Ni kuma, da na san komai, na zauna na buga maka wasiƙar haƙuri da hannuna, na lanƙwasa ta na sa a ambulan. Na ce wa kaina rantsuwa ce ta ɗaure ni. Ƙarya nake. Tsoron kujerata nake ji. In ana jera matsorata a wannan labarin, a sa ni a sahun gaba.

Wanda aka ɗauka a madadinka takardarsa fara fat. Kaka biyu ya yi yana karɓar audugar da aka yayyafa wa ruwa aka cusa wa yashi a matsayin lamba ɗaya. Da asiri ya tonu, aka sallame shi a ɓoye don kada sunan kamfani ya ɓaci, har da wasiƙar yabo. Bai taka kotu ba, don haka har gobe in an bincika shi tsarkakakke ne. Wannan shi ne binciken da ake ta tinƙaho da shi. Ba ya gano mugu, wanda ba shi da mai ɓoye shi kawai yake ganowa.

Sau goma sha ɗaya ka nema, na sani domin wasiƙun na nan a tsohuwar jakarka ta fata. Kamfanin taki, masu raba iri, har gadin wata makarantar kuɗi. Da can sai an yi sati ana jiran takarda, ka ɗan samu kwanakin sa rai. Daga baya aka kawo kwamfuta. Wani matashi da ko rarrafe bai fara ba lokacin da wutar ta tashi, sai ya latsa, ya ɗago ido, ya ja kujerarsa baya kamar ka zo da galan ɗin fetur. Ka dawo gida ka cire rigar fita ka ninke ta, ka ɗauki fartanya.

Amma ka ga abin mamaki. Mutumin da ofis ya ce ba a yarda da shi ba, ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mutane. Daga Musawa, daga Dandume, manoma ke zuwa da auduga a ƙulle a bakin rawani, ka faɗa musu lambarta kafin su kai kasuwa, don kada a cuce su. Su kansu malaman duba na kamfanoni, masu fararen takardu, ta bayan gida suke zagayowa su tambaye ka abin da ya shige musu duhu, su koma ofis su faɗa kamar daga kansu ya fito. Maguzawan da ke bayan rafi wurinka suke barin irinsu ajiya har faɗuwar ruwa.

Ina nan ranar da Hansai, matar marigayi maƙerin unguwarmu, ta kawo irin masarar da ta saya. Ka ƙirga ƙwaya ɗari, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ka ce ta dawo bayan kwana biyar. Sha tara suka tsiro. Ta zauna a ƙasa tana salati, ga marayu biyar a gida, ga damina ta kankama. Ka shiga ɗaki ka auno mata daga naka, ka bar rabin gonarka ba shuka a shekarar. Matarka Sadiya ta yi faɗa, ka yi dariya ka ce gonar ma na son hutu.

Sai Malam Talha, wanda rumbunansa suka ƙone. Kowace kaka, ba tare da ya roƙe ka ba, kakan je ka share ciyawar da ke kewaye da sababbin rumbunansa don kada wuta ta samu hanya. Shekarar farko ya kore ka da sanda. Ta biyu ya ƙyale ka. Da zai tafi aikin Hajji, duk 'ya'yansa na nan, kai ya kira ya ba makullin sitonsa. Aka yi ta surutu, ya ce, "Na daɗe ina kallon yaron nan. Ba shi ba ne." Tsoho mara boko ya gane da idonsa abin da manajoji goma sha ɗaya suka kasa ganewa da kwamfutarsu.

Sabo fa? Ai ya zama Alhaji Sabo. Shi ne babban gidanmu yanzu, shi ne shugaban ƙungiyar manoman yankin, in kamfani zai ɗauki ma'aikata shi ake gayyata zaman tantancewa. Shi ke rubuta wa 'ya'yan mutane shaidar kyawun hali, har hatimi gare shi. Sau ɗaya ka kai masa taka. Ya ce, "Ka san matsayina, Awaisu. In na tsaya wa wanda aka taɓa ɗaurewa, me za a ce?" Tir. Ka ce masa ba komai, Yaya. Inna Tsohuwa ta rasu, na ce maka to yanzu fa? Ka ce 'ya'yansa sun girma suna ganin ubansu da daraja, a bar su.

Da abin ya tsaya a kanka, da na haɗiye shi kamar yadda ka so. Amma bai tsaya ba. Naja'atu ta gaje ka. Tun tana ƙarama take ƙirga maka ƙwaya a jiƙaƙƙen buhu, ta yi karatun aikin gona, kuma watan jiya wani kamfanin iri a Funtua ya gwada masu neman aikin ɗakin gwajin tsiro, ta zo ta ɗaya. Fom ɗin yanzu ya fi na da haɗama. Wai saboda halin tsaro, ba kai kaɗai ake tambaya ba, har mutanen gidanku: akwai wanda kotu ta taɓa ɗaurewa? Ta rubuta eh, mahaifina. Aka ce mata in haka ne sai babban gidansu ya sa hannu ya tsaya mata, in ba haka ba, a ba wanda ya zo na biyu. Ranar Litinin, 27 ga wata, ake rufewa. Ita ce babba, ga Kabiru da Amatullah a makaranta, ga uwarsu cikin takaba.

Ina gefen gadonka kwana uku kafin ka cika, lokacin da ka kama hannun yayanka ka ce, "Yaya, nawa ya wuce. Ka sa wa yarinyar nan hannu." Ya ce, "Za mu duba." Ranar sadakar uku ta durƙusa a gabansa da takardar, ya ce yanzu lokacin makoki ne, ya cusa ta a aljihu. Washegari ya aiko a ce mata ta nemi wani, shi sunansa na gaban kamfanoni da yawa.

To, Awaisu, cewa ka yi muddin kana numfashi. Rantsuwata ta ƙare ranar Talata da hantsi. Shekaranjiya na je kotu na yi takardar rantsuwa, na zayyana abin da aka yi a zauren nan, da wanda ya ƙyasta ashana, da wanda ya goya ka a babur, da wanda ya buga maka wasiƙar haƙuri. Daga nan na wuce Dayi na karanta wa Naja'atu. Ashe ko ita ba ka taɓa faɗa mata ba. Duk rayuwarta ta ɗauka ubanta ya ƙona dukiyar mutane don ƙeta, ta kuma so ka a haka. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share fuska ta ce, "Baba Murtala, yanzu zan iya goge eh ɗin?" Na ce mata a'a. Wani lauya ya gaya mini takardar rantsuwar da na yi a kotu ba ta share hukuncin alƙali. A takarda har yanzu kai ne.

Ya Allah, ga bawanKa Awaisu ya zo maKa. Kai ba Ka bukatar takardar 'yan sanda, Kana nan lokacin da aka ƙyasta ashanar. Ka gafarta masa ƙaryar nan guda da ya yi don uwarsa. Ka sa shekara ukun da ya zauna da ashirin da ukun da ya yi yana yawo su zama nauyi a mizaninsa. Ka yalwata kabarinsa, Ka nisanta shi da wuta, shi da ya ƙare rayuwarsa yana share wa mutane hanyarta. Ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ni ma Ka yafe mini shirun da na yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sadiya, da Naja'atu, da Kabiru, da Amatullah, da iyalan marigayi Malam Talha da suka riga kowa zuwa haƙa kabari, da manoman da suka rasa mai faɗa musu gaskiya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kai ma, Alhaji Sabo, ina yi maka ta'aziyyar ƙanenka. Ba mai ɗaure ka yanzu, dattawan sun tafi, mai rumbun ya tafi. Yatsu goma ya dangwala maka a tawada, kai hannu ɗaya ake nema. Takardar yarinyar na aljihunka, kuma Litinin ƙarfe huɗu suke rufe ofis.

Murtala Dayi,
Funtua.