Babu Wanda Ya Jira Malam Sabo a Kan Tudu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Sabo mai gyaran keke ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina buɗe shagon ɗinkina a Yakasai, ko almakashi ban ɗauka ba. Lambar Malam ce ta fito a wayata, na ɗauka da dariya ina shirin tsokanarsa. Sai na ji muryar wani baƙo, da Hausa irin ta mutanen Gana, yana tambaya ko ni ne Nasiru tela.

Ku yi haƙuri da yadda rubutun nan zai fito, raina a ɓace yake.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sabo ɗan Sheshe ne, mai rumfar faci da gyaran keke kusa da Ƙofar Mazugal. Shi ya tara mu, mu 'yan hawan keke na cikin gari, ya mai da mu ƙungiya. Kowace Lahadi bayan asuba a rumfarsa muke haɗuwa mu fita, wataran Bichi, wataran Wudil, mu dawo kafin rana ta yi zafi.

Shi ya koya mini hawan doguwar tafiya. Kekena na farko ma shi ya haɗa mini daga tsofaffin ƙarafan da ke bayan rumfarsa, firam daban, tayoyi daban. Da na ce ya yi muni sai ya ce, "Kai ma ai ba don kyau aka haife ka ba, hau mu tafi."

Haka yake. Bakinsa ba ya shiru, hannunsa kuma ba ya hutawa.

Malam kullum shi ne na ƙarshe a layi. Ba don ba shi da ƙarfi ba. Famfo da sholisho da faci suna ɗaure a kariyar kekensa, duk wanda tayarsa ta sace ko sarƙarsa ta zame, ya san in ya tsaya Malam zai iso. Ni kaina ya taɓa zama da ni a gefen hanyar Gwarzo da na yi amai don gajiya, ya jiƙa mini gurasa a ruwa, bai taɓa ba kowa labarin ba.

Kuma doka ɗaya ya kafa mana, ɗaya tak. In ka hau tudu ka kai sama, ka sauke ƙafa. Ba ka gangarawa sai ka ji ƙararrawar Malam daga baya, alamar kowa ya iso ke nan.

Mukan yi masa dariya a kan wannan. Wane tudu ne a Kano? In ka cire Dala da Goron Dutse sai gadar sama. Amma ko a kan gadar sama sai ya sa mun tsaya, 'yan adaidaita sahu suna zaginmu, har sai ya iso yana kaɗa ƙararrawarsa. Yakan ce, "Ku saba tun a nan. Akwai ranar da za ku ga tudun gaske."

Tudun gasken shi ne tafiyar Gana.

Kakansa farke ne na goro, ya sha zuwa Gwanja a arewacin Gana da jakuna amma bai taɓa ƙarasawa bakin teku ba. Malam ya daɗe yana cewa shi zai ƙarasa wa tsoho tafiyar, a kan keke. Shi ya zauna ya tsara hanyar: a ɗora kekuna a mota zuwa Kumasi, daga nan a hau a yi kudu ta cikin tuddai har teku, sannan a bi gaɓar ana kwana a zango-zango, wato unguwannin Hausawan can. Ya yi ta tambayar direbobin goro inda hanya ke da kyau, inda ake samun ruwa, inda akwai masallaci.

Da ni za a tafi. Sai Hajiyata ta kwanta rashin lafiya ana gab da tashi, dole na zauna.

Ranar da za su tafi na je rumfar ina taya su ɗaure kaya. Malam ya ga fuskata ya ce, "Zauna ka kula da Hajiya. Teku ba inda zai je. Zan ɗebo maka ruwansa a gora ka ɗanɗana, in ka ji gishiri ka san ban yi ƙarya ba."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan, yana gwada burkin keken wani.

A ranar na ja Auwalu gefe. Auwalu shi ne shugaban tafiyar, yaron da Malam ya koya wa hawa tun ƙafarsa ba ta kai feda. Na ce masa, "Auwalu, ka san Malam yana da hawan jini, kuma ba zai faɗa ba ko yana jin jiki. Amana na ba ka. Kar ku bar shi shi kaɗai a baya." Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Yaya Nasiru, Malam fa ubana ne. Wallahi ƙafata ƙafarsa."

Da kunnena na ji wannan rantsuwar.

Jiya da rana suka ɗora hoto a grup. Ga su cikin ruwa har gwiwa, wanduna a naɗe, kowa baki har kunne, an rubuta "Alhamdulillah mun iso teku." Na yi murna, har na nuna wa Hajiya a gadonta. Sai na duba fuskokin ban ga Malam ba. Na rubuta, ina Malam? Auwalu ya amsa, "Yana baya, ka san shi."

Na san shi. Shi ya sa ma ban damu ba, na ce ko tayar wani yake facewa.

Ga abin da baƙon nan, Malam Idi, mutumin zangon garin da suka isa teku, ya gaya mini da safen nan.

Kafin a shiga garin akwai wani dogon tudu, na ƙarshe. Daga samansa ake fara hango teku. A tsakiyar hawan nan Malam ya sauka daga keke ya zauna a gefen hanya, ya dafe ƙirji. Wata mata mai sayar da ayaba ce ta gan shi. Ba ta jin Hausa, shi ba ya jin yarensu, amma ta ja shi inuwa, ta ba shi ruwa, ta aika aka kira Malam Idi don ta ji irin harshen da yake yi.

Malam Idi ya ce ya same shi da sauran magana. Malam Sabo ya kira lamba ɗaya ya sake kira, ba a ɗauka ba. Sai ya ce, "Ba komai, babu sabis ne. Yarana suna saman tudun nan suna jirana. A je a gaya musu kar su damu, ina tafe."

Aka tura ɗan acaba ya hau sama.

Babu kowa.

Su Auwalu sun hango ruwa sun gangara, dukansu. Wayoyi suna cikin jaka a kan yashi, su suna cikin teku.

Malam Idi ya ce da ɗan acaban ya dawo ya raɗa masa, bai iya gaya wa Malam Sabo ba. Ya ce masa an faɗa musu. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Ai na sani, ba sa gangarawa sai sun ji ni." Kafin a sami motar da za ta kai shi asibiti ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Ni na yarda da ƙaddara. Kwanansa ne ya ƙare, ko a rumfarsa yake zai tafi, ba wanda zai ce mini ban san wannan ba. Amma ba ajali nake wa kuka ba yanzu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsayawa saboda na baya, rana ɗaya ya buƙaci a tsaya masa, aka bar shi a hannun mai ayaba.

Da sun sauke ƙafa a saman tudun nan, da sun ji shiru ya yi yawa, da wani ya juya. Ko ba a cece shi ba, da kansa yana kan cinyar wanda ya sani.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, tun jiya da yamma suka sani. Sun koma nemansa aka gaya musu. Babu wanda ya kira ni, babu wanda ya kira gidansa. Hoton nan kuwa har yanzu yana nan, mutane suna ta rubuta "Allah ya dawo da ku lafiya" a ƙarƙashinsa.

Ni na je Sheshe na gaya wa Yaya Binta, matarsa. Tambayar farko da ta yi mini bayan ta yi salati ita ce, "Su Auwalu suna tare da shi dai ko?" Na sunkuyar da kai. Ta gane.

Auwalu ya kira ni ɗazu yana kuka, wai sun ɗauka yana bayansu kaɗan, wai murnar ganin ruwa ce ta ɗebe su. Na ce masa na ji. Ban zage shi ba, kuma ina roƙon ku kar wanda ya je shafinsa ya zage shi, Malam ba zai so ba. Amma ban ce na yafe ba, don ban yafe ba tukuna, ba zan yi ƙarya a ranar mutuwa ba. Ka ci amanata, Auwalu. Ku duka kun ci tasa.

A can za a yi masa sutura yau bayan azahar, mutanen zango sun ɗauki nauyin komai. Allah ya saka wa Malam Idi da alheri, da baiwar Allahn nan mai ayaba da ban san ko sunanta ba. Na tambaya ko daga maƙabartar ana hango teku, aka ce a'a, tana bayan tudun.

Na roƙi Malam Idi abu ɗaya, ya kwance ƙararrawar keken ya ba direban goro ya kawo mini. Sauran keken, su Auwalu su san yadda za su yi da shi.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba. Allah ya ba Yaya Binta da yara haƙuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen hanya da taya a sace har Malam ya iso, da wanda bai san shi ba ma, don Allah ku sa shi a addu'arku ta yau.

Ya tafi yana zaton ana jiransa a sama. Ya Allah, ka sa a can ya tarar da masu jiransa.