Saloma Kalebu da Ramukan Sitacinta a Madarumfa

Haihuwa da aure

An haifi Saloma a shekarar 1934 a garin Ɗan Issa, ɗiya ce ga Kalebu maɗinki da matarsa Febi, mabiya ikilisiyar mishan. A shekarar 1953 aka ɗaura aurenta da Elisha, manomin rogo, ta tare a Madarumfa daura da tafki.

Sana'a

A shekarar 1962 ta fara sana'ar sitacin rogo, wadda da ita ta ciyar da gidanta. Sai dai ruwan tatar rogo dafi gare shi, kuma da ya gangara tafki kifi ya mutu, masunta suka laƙaba mata suna Makashiyar Kifi, Sarkin Ruwa Maman ya nemi a hana ta aikin. Saloma, wadda ba a san ta da sunkuyar da kai ba, ta haƙa ramuka uku a jere don ruwan tatar ya riƙa bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ta zuba musu baƙin taɓon gindin tafki, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara. Ƙananan halittun da ke cikin taɓon, waɗanda ido ba ya gani, suka riƙa cinye dafin, ruwa ya fito fes a rami na uku.

Jarrabawa

A shekarar 1971, gab da bikin ɗiyarsu, Elisha ya ji kunyar baƙi su shaƙi wari, ya tuttula maganin kashe ƙwari a ramukan bisa kyakkyawar niyya. Gyara ya zama ɓarna: taɓon ya mutu, ɗoyi ya cika unguwa, aka umarce ta da ta cike ramukan. Amsarta a gaban mai gari ita ce: "Ranka ya daɗe, sai dai a cike su da ni a ciki." Ta shiga tafki da ƙafarta, ta ɗebo sabon taɓo, ta yi jinyar ramukan har suka farfaɗo, sannan ta saki ƴaƴan tarwaɗa a na ukun, Sarkin Ruwa yana kallo. Ba su mutu ba.

Rasuwa

Ta rasu a watan Maris na shekarar 1979, aka binne ta a maƙabartar Kirista ta Madarumfa, kuma masunta ne suka haƙa kabarin. Ta bar ƴaƴa huɗu: Alisabatu, Simon, Saratu da Kalebu ƙarami. Wasiyyarta ɗaya ce tak, cewa kada kowa ya cike ramukan, kuma ba a cike su ba.