Lasifikar Hagu ta Baba

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, motar ɗaukar albasa ta tsaya a ƙofar gidanmu a Yelwa da hantsi. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo na ji muryar Baba yana ce wa wasu mutane su bi a hankali, kada su goga da bango. Akwatuna biyar aka shigo da su, an naɗe da barguna an ɗaure da igiya. Biyu daga ciki dogaye ne, sun kai min kafaɗa, na katako mai duhu da sheƙi. Inna ta fito daga madafa tana goge hannu da zani, ta tambaye shi ko kabad ya sayo. Ya ce lasifika ne. Ta sake duban su, ta ce ai ko masallacin Juma'a bai da irin waɗanga.

Baba ma'aikacin lantarki ne a madatsar ruwa ta Kainji, a ɗakin manyan injuna, kuma sai bayan mako biyu yake zuwa gida. Wani injiniya bature da suka daɗe suna aiki tare ne zai koma ƙasarsu, ya sayar masa da kayan sautinsa gaba ɗaya: lasifika biyu, amfilifaya, wato na'urar ƙarfafa sauti, mai nauyi kamar dutsen niƙa, garmaho mai juya faifai, da akwati guda cike da faya-fayan kiɗan Turawa na da, irin wanda mutum sittin ko fiye suke taruwa su kaɗa tare. A ranar Baba ya kwashe komai daga ɗakinsa na zaure in ban da kujera ɗaya. Ya janye lasifikun daga bango kamar taku biyu, ya auna tsakaninsu da igiya, ya rataya tsofaffin tabarmi a bangon baya don kada sauti ya riƙa dawowa. Ya ɗora kofin ruwa a kan teburin garmaho, yana cusa takarda ƙarƙashin ƙafafun teburin har ruwan ya daidaita. Sai bayan la'asar ya sauke allura a kan faifai. Na ɗauka ƙara zan ji. Abin da na ji shi ne ɗaki ya buɗe, kamar bangon gabas ya matsa can nesa, mutane suna zaune a bayansa da goge a hannu.

Inna ba ta taɓa son kiɗan ba. Takan ce, "Kiɗan da ba waƙa, ba wanda ake wa kirari, ina amfaninsa?" Yayyena maza biyu kuwa an hana su shiga ɗakin tun ranar da ƙwallonsu ta faɗa ciki ta taga. Ni aka ba aikin shara da goge faya-fayai da ƙyalle mai laushi, a bi da'ira, kada yatsa ya taɓa tsakiya. Wannan ya ƙaru a kan aikina na kullum, wato ɗebo ruwa a famfon unguwa, da tsare shinkafar da Inna ke shanyawa kada kaji su ci, da juya kifin banda da kawuna ke aiko mana daga Wara. Idan na gama, ƙawayena na can ƙarƙashin darbejiya suna carafke, amma ranar da Baba ke gida ba na zuwa. Suna ce min matar bature, ban damu ba.

Shi ya koya min sauraro. Yakan zaunar da ni a kujerarsa, daidai tsakiyar lasifikun, ya ce in rufe ido in nuna da yatsa inda kowane mai kiɗa yake. Ƙananan goge suna hagu, manya masu kaurin murya suna dama, masu sarewa a tsakiya can baya kaɗan, mai ganga a ƙarshe. Ya nuna min cewa ba duk faifai ne ɗaya ba. A wani, kana jin girman zauren da aka ɗauki kiɗan, da tarin wani daga cikin masu sauraro, da ƙarar takarda idan an juya shafi. A wani kuwa duk makaɗan sun cushe wuri guda kamar an zuba su a gwangwani. Yakan ce laifin masu ɗauka ne, ba na makaɗan ba. Daga nan, ko mai gogen da ke zama bakin kasuwar kifi na wuce, sai in tsaya in ji yadda gashin izga ke kama tsirkiya kafin sauti ya fito.

A zangon ƙarshe na aji biyar na yi ɓarna. Ina yaye yanar gizo a saman lasifikar hagu da doguwar tsintsiya, sai sandar ta zame ta soki yadin gaba, daidai wurin ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti. Yadin bai yage ba, amma na ji abu ya lotsa a ciki. Ban faɗa wa kowa ba. Kwana tara na yi ina jiran ranar da Baba zai dawo, ko abinci ba na ci sosai, har Inna ta jiƙa min sabara tana zaton ciwon ciki ne.

Ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci, ya sa faifan da ya fi so. Tun daga farkon kiɗan na ji bambancin. Gogen hagu sun dushe, kamar an lulluɓe su da bargo, sheƙin muryarsu ya tafi. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ɗaga allura. Bai ɗaga ba. Ya rufe ido yana kaɗa yatsa a gwiwa har faifan ya ƙare, sannan ya ce, "Madalla."

Da farko daɗi na ji, na tsira. Amma da ya sake zuwa aka yi haka, sai na fara lura da abubuwan da da ban kula da su ba. Inna sai ta kira shi sau biyu kafin ya waiwaya. Rediyonsa na labarai ya ƙara ƙarfi har maƙwabta na ji. Idan baƙo na magana, yakan juyo masa kunnen dama. Kuma na gane cewa a 'yan watannin nan, idan ya ce in nuna inda mai sarewa yake, ba gwada ni yake yi ba, tambaya yake.

A zuwansa na uku, yana shirin sa faifai na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Baba, lasifikar hagu ta lalace. Ni na soke ta da tsintsiya."

Ya dube ni. "Yaushe?"

"Mako biyar ke nan."

Ya sa faifan, ya je ya kara kunne a ta dama, ya dawo ya kara a ta hagu, ya sake komawa. Ya daɗe yana yin haka. Sannan ya zauna a bakin tebur, abin da bai taɓa yi ba saboda garmaho. "Mi kike ji, Balkisu?" in ji shi. Na kwatanta masa yadda na iya. Ya gyaɗa kai, ya ce in kira masa Inna, ni kuma in je in yi wasa. Bai dake ni ba, bai ma yi min faɗa ba, kuma da ya dake ni da ya fi min sauƙi.

A makon ya je asibiti. Likita ya ce ƙarar injuna ce ta shekara da shekaru ta ci siririn jinsa, wanda ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya tsare sauran idan ya bar ɗakin injuna. Ya nemi a mayar da shi sashen ajiyar kaya, aikin da bai so ba, domin shi mutumin inji ne. Inna ce ta tsaya a kan sai ya yi hakan. Lasifikar kuma aka kai wa Malam Ɗanjuma mai gyaran rediyo a kasuwa, ya aika Kaduna aka samo wani bakin. Ranar da aka haɗa, Baba ya zaunar da ni a kujera a gaban mai gyaran, ya ce hukunci nawa ne. Na ce sabon ya fi tsohon kaifi, yana ɗan tsawa. Malam Ɗanjuma ya ɓata rai cewa yarinya ce za ta koya masa aiki, amma ya buɗe akwatin ya canza wani ɗan ƙarfe, muka sake ji, har sau uku, kafin na ce ya yi.

Yanzu ina koyarwa a Birnin Kebbi. 'Ya'yana kowa da wayarsa da abin kunnensa, kiɗan duniya duka na hannunsu, suna ji suna tafiya, suna ji suna wanke-wanke, kuma da wuya ka ga ɗaya ya tsaya har waƙa ta ƙare. Ba na ganin laifinsu, haka suka taso. Baba ya tsufa, ko kiran salla sai an taɓa shi. Kayan na nan a ɗakin zaure, katakon ya dushe. Idan na je Yelwa yakan ce in zaɓi faifai, in zauna a kujerar. Shi kuma ya ja tabarma gefen lasifikar dama, ya ɗora tafin hannu a jikin katakon don ya ji motsin manyan goge, idonsa a fuskata, daga nan yake gane inda kiɗan ya kai. Ni kuwa sai in natsu sosai, don na san jin mutum biyu nake yi.