Ƙaron da Kaka Ta Liƙa

Har gobe in na ji ƙanshin kanumfari sai gabana ya faɗi. Shi ake dakawa a tura wa ƙanwata a haƙori, shekarun da ruwa ya ƙi sauka a Tsamaye, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba.

Kada ka tambaye ni me muke ci. Aduwa muke tsotsa wuni guda don mu yaudari ciki, mu kwana da danƙonta a baki. A haka mataunin ƙanwata ya yi rami. Yarinyar da a da sai an riƙe mata hannu a akushi, ta koma ko fate-faten dusa ya taɓa wurin sai ihu. Kullum ƙara zubewa take, ga shi dama ba wani naman kirki a jikinta.

Baba ya ce ranar kasuwar garin Isa zai kai ta wajen wanzami ya cire haƙorin. Kaka, mahaifiyarsa, ta tare ƙofar ɗaki.

"Yarinyag ga ba ta da jinin da za a zubar. Ku bar mani ita, za ni liƙe ramin."

Ta jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi, ta murza, ta danna a ramin kamar mai toshe tulu. Wallahi ciwon ya lafa. Ƙanwata ta ci, har ta wawuri rabona, ban ko yi faɗa ba. Inna ta yi ta sa wa Kaka albarka.

Ashe ruɓar aka rufe a ciki. Kumatu ya fara tasowa, ido ya shige, jiki ya yi zafi rau. Baba ya aro jaki ya ɗora ta suka nufi asibitin Sabon Birni, ni ina zaune bakin zaure ina kallon hanya. Da la'asar ya dawo yana jan jakin, ita a naɗe a zanen Inna. Masu gaisuwa suka ce fari ne ya ɗauke ta.

Bana na kai jikata asibitin haƙori a Sakkwato. Likita ta shafa mata wani farin abu a kan matauni, ta haska shi ya daskare, wai don kada abinci ya maƙale ya haƙa rami. Na ce ai haƙoranta lafiya lau suke.

Ta ce, "Shi ya sa, Baba. Tun da lafiyarsu ake rufewa, ba a rufe ruɓa."

Na so in ce mata Kaka ma rufewar ta yi niyya.