Sulle Mai Rediyo, Mai Gadin Rana

Malam Sulle ba ya iya zama wuri ɗaya. Kullum da hantsi, kafin ya taɓa rediyon kowa a rumfarsa ta kasuwar Rogo, sai ya fito da ɓarin wani tsohon madubin hangen nesa, ya saita shi hasken rana ya bi ta ciki ya faɗa kan farar takarda, ya zana baƙaƙen ɗigon jikin rana da suka fito. Ya koma ciki ya murɗa rediyo, ya sake fitowa. Shekara da shekaru muna yi masa dariya.

A wani shirin kimiyya na rediyo ya ji bayanin, ya riƙe. Kusa da ɗigon nan akwai wasu zare-zare na wuta da kan yi kwanaki a rataye a jikin rana. In wurin ya yi aman wuta, zaren ya tsinke, sai tashoshin gajeren zango su rikice. Madubinsa ba ya nuna zaren, shi ya sa in ɗigon suka yi yawa ba ya samun sukuni.

A farkon daminar 1991 suka yi yawa. Rediyoyi suka riƙa ɗaukewa da rana tsaka. Mu kuwa ka san mu: a shanya batir a rana, a bubbuga akwatin, in ya ƙi a kai a kwance shi. Sulle ya ƙi kwance ko ɗaya. Magana ta bazu cewa aikin ya gagare shi, ya ɗora wa rana laifi. Mutane suka koma kai nasu garin Karaye, rumfa ta bushe.

Ranar kasuwa Goggo Hajo ta taho daga ƙauyen Fulatan da rediyonta a ƙulle cikin ɗankwali. Ɗanta Lado soja ne a Laberiya, wata bakwai babu wasiƙa.

"Sulle, ka dubi Allah ka buɗe min shi. Ta nan kaɗai nake jin halin da suke ciki."

"Goggo, wallahi lafiyarsa ƙalau. In na sa masa sukundireba, ni zan kashe shi. Ki ba ni zuwa la'asar."

"In bai yi magana ba fa?"

"To, na rufe rumfar nan, na koma gona."

A gaban jama'a ya faɗa. Ilu mai shayi ya ce ranar ko ruwa Sulle bai kurɓa ba, yana ta kai-kawo tsakanin takardarsa da rediyon. Azahar ta wuce, shuuu kawai ake ji, masu dariya sun cika bakin rumfa. Ana kiran la'asar wata murya ta taso daga nesa, tana zuwa tana komawa, har ta tsaya ras. Goggo ta rungume akwatinta tana kuka.

Kai ne, Malam Sulle, ka yarda a kira ka kasasshe da dai ka ɓata kayan mutane. Bana tsufa ya sa hannu ya fara rawa, ka ajiye aiki, kuma na ji ba daɗi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'a, ku koyi cewa "lafiyarsa ƙalau" in lafiyar tasa ƙalau ce.

Ni ma nawa Karaye na kai. Aka kwance shi, bai sake magana ba. Shekara bakwai ina wucewa ta gaban rumfarka muna gaisawa, ban taɓa gaya maka ba. Malam, ka yafe min.