Baƙin Yaya

Jiya 'yar marigayiya yayata ta kafa kyamara a falona, nan bayan titin Wendover. Fim take haɗawa a kan ciwon ƙwaƙwalwar mahaifiyarta. Tana kunnawa ta ce, "Anti, su waye baƙin nan da Mama take cewa sun zo?"

Haka Yaya take kiran ciwon. Idan ya taso mata sai ta ce, "Baƙina sun iso," ta sa turaren wuta har ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, ta ja ƙofarta.

Wata rana na tarar da yarinyar nan, tana 'yar mitsitsiya, ta jera kofunan shayi a tire, tana zaune bakin ɗakin. Yaya tana ciki tana magana ita kaɗai. Na ɗauke tiren, na ce baƙin sun tafi. Likita ma ce masa muka yi gajiya ce take damun Yaya.

"Na daɗe ina jira su fito, Anti," in ji 'yar yayar tawa jiya, da na ba ta labarin.

Kyamarar tana ta ɗauka.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa inda take yanzu babu baƙon da zai sake zuwar mata.