Kadan da Kakana Ya Gani a Hamada

A gidanmu na Argungu, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun da Inna Dije, mahaifiyar babanmu, take bandar kifi. Hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi. Tatsuniyoyinta suna da yawa, sai dai akwai labari ɗaya da ba ta taɓa buɗe shi kamar sauran ba. Takan gyara zama ta ce, "Wagga ba tatsuniya ba ta. Ku natsu."

Labarin mijinta ne, kakanmu Ummaru, masunci. Wata shekara ruwan gulbi ya ja baya, kifi ya yi wuya, sai ya ɗaure ɗan busasshen kifin da ya rage ya bi fatake arewa har bayan Agadas. A can cikin rairayi wani Buzu mai yi musu jagora ya nuna musu ƙasusuwa da suka zama dutse, jere a ƙasa, kowane ƙashin baya ya kusa turmi. Akwai wani kai mai dogon baki cike da haƙora. Kaka ya kwanta kusa da shi, tsawonsu ya zo kusan ɗaya. Shi da ya tashi cikin ruwa, yana gani ya ce kada ne, kuma lalle gulbi ya taɓa bi ta nan.

Da ya dawo gida ya ba da labari, sai aka yi ta dariya. Ina kada a wurin da raƙumi ma ke shan ƙishirwa? Abin ya wuce wasa, har ranar da aka kira shi shaida a kan iyakar wata gona, aka ce ba a karɓar maganar mai ganin kada a hamada. 'Yan'uwan Inna suka same ta, suka ce ta lallashe shi ya ce ba'a yake yi, mutuncinsa ya dawo. Ta ƙi. Ta ce musu ko kan ƙaramin abu bai taɓa yi mata ƙarya ba. Haka ya rasu bai janye ko kalma ɗaya ba.

Na girma, na koma Badariya a Birnin Kebbi ina sana'ar albasa. Wata tafiya ta kai ni Yamai, abokin cinikina ya ja ni gidan tarihi. Nan na ga ƙasusuwan dabbobin da ake kira dainaso, wuyan wata ya fi rufin shago tsawo, ga kuma wani ƙaton kada a gefe. Mai gadin wurin ya ce daga hamadar Agadas aka tono su, kuma miliyoyin shekaru da suka wuce koguna ne a can. Na ciro waya na ɗauki hoton kadan.

Da na je Argungu, na tarar da Inna ta tsufa ƙwarai, na miƙa mata hoton a waya. Ta ɗan duba ta mayar mini. "Ni ban bukatar wanga," in ji ta. "Kai ma ƙanena Sani shi gani, shi ya hi kowa dariya."

Da ina yaro, girman dabbar ne yake burge ni. Yanzu na fi tunanin matar da ta tsaya da mijinta ita kaɗai, ba ta da hujja sai sanin halinsa. Duk inda aka tambaye ni, da ƙarfi nake cewa ni jikansu ne.